Tambarin Tafin Hannu

Rano, Jihar Kano.
Watan Rajab, Yuli 2008.

Zuwa ga Yayana Alhaji Ɗalhatu, Agege, Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Khadijatu da yara duka. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku daga sharrin hanya da na kasuwa, ya raya mana zuriya a kan tafarkin addini, amin. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Damina ta zauna sosai, masarar ƙauyenmu Lausu ta kai ƙugu, dawa ma ta yi kyau, illa taki da ya yi wuyar samu kamar kullum. Maiɗakina Lubabatu ta warke daga zazzaɓin da na gaya maka. 'Yarka Afra'u ta wajena ta shiga sakandare, yanzu har gyara mini rubutu take yi, wai ba haka ake sa aya ba. Ƙanwarmu Saude ta zo daga Kahu ta yi mana kwanaki, ta koma da goron sunan jikarta. Iya kuma tana nan da ƙarfinta na baki, sai dai gwiwoyi, waɗanda zan yi maka maganarsu a gaba.

Na san za ka ce ga waya a aljihun kowa, me ya kawo takarda? Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance. Da na ɗauko magana sai ka ce in saurara tukuna, kafin in gama saurare kati ya ƙare. Takarda kuwa ba a katse ta. Ga abin da ke tsakaninmu, don kada wani ya ce bai gane ba. Ka aiko Zailani, ƙanen Hajiya, da mota cike da kwalayen sandunan labule da sakatun taga na ƙasar waje. Ka ce in kashe wutar walda, in sallami ma'aikata, in riƙa buga tambarina a jikin kayan kwalin nan ina sayarwa, tunda tambarin ne mutanen ƙauye suka sani. Da na ƙi, ka ce to a raba filin Baba da masana'antar ke kai, kowa ya kama gabansa. Amsata ba ta canja ba, Yaya: ba zan buga ba. Amma kai wana ne, ka fi ƙarfin in ce maka a'a in yi shiru. Don haka bari in ba ka labarin abin da kake so in kashe, domin yawancinsa ya faru ba ka gari.

Ka tuna na gama sakandare da takardar da babu ofishin da ya taɓa tambayata ita. Na tafi Kano, na zauna a Ƙofar Ruwa wajen masu walda, ina ɗaukar ƙarfe a kafaɗa, ina kwana idanuna na zubar da ruwa saboda hasken wuta, har na iya. Ina can aka aiko cewa Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Na dawo Lausu na tarar yana iya tashi in ya samu abin kamawa. Labulen ƙofar ɗakin Iya a lokacin a kan igiya yake, an ɗaure ta a ƙusoshin da aka kafa a bangon ƙasa, kamar na kowane gida. Wata rana an kira la'asar, babu kowa kusa, Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama labulen don ya tashi. Ƙusa ta fito da ƙasarta, ya faɗi a kan dokin ƙofa, ƙugunsa ya karye. An gaya maka ya faɗi, amma ban jin an gaya maka abin da ya kayar da shi. Ni na tsinci ƙusar a ƙasa. Ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba.

A makon nan na samo guntun fayif na tsohon famfo, na yanke shi, na yi masa ƙafafu dogaye masu baki a rabe kamar wutsiyar kifi, na haƙa bangon na binne su, na cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ciyawa, na bari ta bushe. Da ta bushe na kama sandar da hannu biyu na ɗage ƙafafuna daga ƙasa. Iya ta fito tana salati, ta ce ko ciwon Baba ne ya taɓa mini kai. Sandar ba ta motsa ba. Baba bai samu ya kama ta ba, domin bai sake tashi ba har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa. Amma tun daga ranar na gane abin da masu yin kayan kwali ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne don ba su taɓa shiga ɗakunanmu ba: a gidajenmu sandar labule ba ta labule kaɗai ba ce. A kanta ake rataya sallaya da jiƙaƙƙen zane da fitila. Ita yaro mai koyon tafiya ke ja. Ita mai ciki ke kamawa, ita tsoho ke kamawa. Duk wanda jiri ya ɗiba a bakin ƙofa, labule hannunsa ke fara samu.

Da wannan na fara, a gindin tsamiyar nan ta bayan tasha a Rano, da injin walda na aro da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Na kafa turaku a gefe, na sa wa kaina doka: babu sandar da za ta bar wurina sai na ɗora ta a kan turakun na yi lilo a kanta. A lokacin ina siriri, abin bai ba mutane mamaki sosai ba. Da jiki ya zo, sai ya zama kallo. Direbobi suna barin shayinsu su zo, mata masu zuwa sayayyar jere suna rufe baki da mayafi suna dariya, ana cewa ga Munzali mai lilo. Ban ji kunya ba ko sau ɗaya. Duk sandar da ta ɗauke ni, sai in ɗauko tambari in buga mata a ƙarƙashi, wajen ƙarshe. Tambarin ni na sassaƙa shi da hannuna a bakin wani guntun ƙarfen mota, siffar ɗan tafin hannu. Ma'anarsa ɗaya ce tak: Munzali ya rataya a nan bai faɗi ba. Har gobe in ka je jere a Kahu ko Dawaki ko cikin Kibiya, za ka ga gwaggon amarya ta kai yatsa ƙarƙashin sanda tana lalube. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta kuma buƙata. In ta ji ɗan hannun nan sai ta ce a kafa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na roƙe ka ka bar ni in koma filin Baba na cikin Rano, ka ce in gina, Allah ya sa albarka. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. A nan na yi rumfa, daga rumfa na yi gini, na sayi injina na kaina. Siyasa ta zo da gine-ginen azuzuwa da asibitocin ƙauye, aka fara nemana da tagogi, da sakata, da ƙugiyar da ke riƙe taga kada iska ta buga ta, da ƙarfen tsaro. Akwai wani ɗan kwangila, ba sai na kama suna ba, da ya zo da babbar riga ya ce in rage kaurin ƙarfe in ƙara fenti, ai yara ba su san bambanci ba, kuma kafin ya lalace an yi wani zaɓen. Na ce masa yara ne ma suka fi kowa sanin bambanci, don su ke hawa taga. Ya tafi da aikinsa wani wuri, ya ce zan mutu ina dukan ƙarfe. Na ce amin, in dai ƙarfen nawa ne.

Sai Shari'a ta zo. Kai ma ka taso tun daga Ikko ranar ƙaddamarwa, ka kwana a wajena, muka tafi Kano tare, muryarka har ta dushe don kabbara. A shekarun nan labule ya yi daraja irin wadda bai taɓa yi ba. Islamiyyu suna raba ɓangaren mata, masallatai suna son shamaki na lokacin tafsiri, gidajen da da buhu suke ratayawa a zaure suka koma neman labule na sosai. Har kekunan nan masu ƙafa uku da aka kawo don ɗaukar mata, sai da na yi wa wasu 'yan sanduna na gefe. Dogayen sandunan masallaci kuwa ni da Ishiyaku, babban ma'aikacina, muke ratayawa tare, don ni kaɗai ban isa gwaji ba. Daga gindin tsamiya sai ga ni da ma'aikata cike da rumfa, kowanne da iyalinsa, masu kantin labule a Kano suna aiko mota har Rano. Babu gwamnatin da ta ba ni ko ƙusa. Babu bankin da ya san sunana. Wutar lantarki kuwa sai dai mu gan ta a waya tana wucewa wani gari.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kasuwa ta juya. Ka faɗi gaskiya a nan. Kayan kwali sun cika Kano, ga sheƙi, ga kawuna masu ruwan zinare, ga araha. Amaren yanzu su suke so, musamman masu shiga gidan siminti. Tawa baƙa ce, mai nauyi, ko na shafa mata fentin zinare sai ta yi kama da manomi a cikin rigar aro. Masu kantin da ke aiko mota sun rage, wasu ma ba sa ɗaga wayata. Na sallami wasu ma'aikata da hawaye a idona. Duk wannan na sani, na fi ka sani, don ni nake buɗe ƙofar kowace safiya. Kuma na san ba mugunta ce ta sa ka aiko kayan ba, so kake ka tsamo ni. Allah ya saka maka da alheri a kan niyyar.

Shi ya sa ranar da Zailani ya sauke kwalayen ban kore shi ba. Na ce a yi wa kayan adalci, a yi musu abin da ake yi wa nawa. Na sa shi da kansa ya zaɓo wadda ya fi yarda da ita, aka ɗora a kan turaku. Kafin ka ce me, mai shayi da masu faci da 'yan acaɓa sun taru. Zailani ya ce shi dai babu ruwansa, waɗanda suka ƙera ta ba su san da irina a duniya ba, buhun masara ma ya fi ni sauƙin sha'ani. Na tattare riga, na yi bisimilla, na kama. Yaya, ban ma gama ɗage ƙafa ta biyu ba ta lanƙwashe kamar karan dawa, kan zinaren ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata, ni kuma na zauna daɓas a ƙasa. Aka kwashe da dariya har da masu tafi. Ishiyaku ya ce a yi mata uzuri, wataƙila azumin Rajab take yi, a kawo wata. Aka kawo wata, ita ma azumin take. Mai shayi ya ce a bar sauran haka nan kada a ƙarar wa Alhaji Ɗalhatu da jari a kan ƙugun ƙanensa. Na yi dariya tare da su. Amma ina zaune a ƙasan nan, kan zinaren ta biyun a gefena, ashe ma roba ne, Baba na tuna. Har yau in zan yi ruku'u sai na ji wurin.

Da Zailani ya kira ka, ka ce a gaya mini sandar labule don labule aka yi ta, ba don rataye ƙaton Rano ba, kuma duk duniya haka ake kasuwanci yanzu, wani ya ƙera wani ya sa suna. To, na ji. Ni ban ce kayanka haram ba ne. Wanda ya gan su ya so, ya saya, ya san abin da ya saya. Na ma ce maka zan ba Zailani shago a gefena ya sayar da su da sunansu na kwali, ni da kaina in riƙa turo masa masu son sheƙi. Ka ce a'a, sai da tambari, don ba tare da shi ba matan ƙauye ba za su kafa ba. To ka ga ashe kai ma ka san abin da suke saya. Ba ƙarfe suke saya ba, maganata suke saya. In na buga hannun nan a kan abin da ya kayar da ni a gaban jama'a, na yi wa kowace tsohuwa mai lalube da yatsa rantsuwar ƙarya. Ban je wajen malami neman fatawa ba, don abin bai kai nan ba. Kai da ka yi kabbara har murya ta dushe, ka san sunan wannan a Shari'a, ba sai ƙanenka mai ƙaramin karatu ya gaya maka ba.

Yanzu maganar gwiwoyin Iya. Ka umarci Zailani ya kai mata mafi kyawun sanda a cikin kayan, ya cire tsohuwar baƙar nan da ke ƙofarta, don a cewarka ba ta dace da ɗakin uwar Alhaji ba. Ya je Lausu da guduma, kuma da Saude ba ta nan a ranar, da ya cire. Ita ta tare ƙofa ta ce sai dai ya fara cire ta. Ban ga laifinka ba, ka daɗe ba ka zo ba, kuma in ka kira Iya ba ta taɓa ce maka komai sai lafiya lau. Amma tun bara gwiwoyinta sun ƙi. Ba ta yarda a ɗaga ta, ka san halinta, ta ce ita ba kayan wanki ba ce. Ta sa an matso da shimfiɗarta bakin ƙofa. Duk lokacin salla sai ta naɗe labulen a hannu, ta ja, ta miƙe da nauyinta gaba ɗaya a kan sandar nan ta fayif ɗin famfo, wadda na yi wa Baba bai samu ya kama ba. Labulen an canja shi ban san sau nawa ba, sandar tana nan inda na binne ta. Taka kuwa ta karɓa, ta shafa, ta sa maka albarka mai yawa, ta ce a jingine mata a kusurwa ta riƙa kallo, don ta yi kyau ƙwarai.

Saura maganar fili. Haƙƙinka ne, Allah ne ya ba ka, ba ni ba. Ba zan ɓoye takarda ba, ba zan tura dattawa su ba ka haƙuri ba, ba zan kuma ce ka manta alheri ba. Ka zo mu je gaban alƙali, a fitar wa Iya nata, a fitar wa Saude nata, a ja igiya tsakanina da kai. In igiyar ta bi ta tsakiyar rumfa, ni zan taya ku riƙe bakinta. Na san abin da zai rage mini ba zai ɗauki injina ba. Na riga na je na duba tsamiyar bayan tasha, tana nan, ta ma ƙara inuwa, kuma mai facin da ke wurin ya ce zai matsa mini. Ishiyaku ya ce shi ko a kan dutsen Rano na kafa turaku yana biye da ni. A gindin tsamiyar na fara ba ni da komai sai aron inji, yanzu kuwa injin nawa ne. Amma ka sani, Yaya, tambarin nan ba ya cikin gado. Baba bai bar shi ba. Ni na sassaƙa shi, kuma ranar da na kasa ɗage ƙafata daga ƙasa, in babu wanda zai rataya a madadina, ni zan jefa shi wuta da hannuna.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma roƙon ƙane ne. Ban gaya wa Iya maganar rabon ba, na hana Saude ma ta faɗa. Kai za ka gaya mata da bakinka. In ka iso, kafin mu je kotu, mu biya Lausu daidai kiran azahar. Kada ka miƙa mata hannu, don za ta zage ka. Ka zauna kawai ka ga yadda uwarka ke tashi. In ta idar da salla, zan miƙa maka tambarin da guduma, ga sandarka mai zinare a jingine a kusurwa. In hannunka zai iya bugawa, ka buga, ni kuma in kashe wuta a ranar ba tare da an je gaban kowa ba.

Ka gaishe mini da Hajiya Khadijatu da kyau, ka ce mata Zailani yana nan lafiya, yana cin tuwon Lubabatu har ya fara ƙiba, nan gaba kaɗan shi zan riƙa ratayawa. Ka gaishe da Lukman da Juwairiyya da Hussaini, Allah ya yi musu albarka ya ba su ilimi mai amfani. Lubabatu da Afra'u da sauran yara suna gaishe ku. Saude tana gaisuwa, ta ce ba ta huce ba tukuna. Iya ta ce in tambaye ka ko Ikko ce ta haife ka. Kwalayenka suna ɗaki a kulle, na ɗora su a kan katako saboda damshi, babu abin da zai same su sai waɗanda suka yi azumi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya bar zumunci.

Wassalam.

Naka ƙane har kullum,
Munzali mai lilo, Rano.